Wa Ke da Maganar Ƙarshe a Kan Makomar Yaro?

 

Duk shekara, da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, akwai wata gardama da ke tashi a gidaje da dama, wadda ko maƙwabta ba sa jin ta. Yaro ya ce shi aikin gona yake so ya karanta, ko harkar kwamfuta. Mahaifinsa ya ce a'a, likita nake so a gidan nan. Yarinya ta ce aikin jarida take sha'awa. A ce mata koyarwa ta fi dacewa da 'ya mace, ko kuma a ce ai ga miji ya fito, karatun ya isa haka. Gardamar ba ta cika yin nisa ba. Babba ya yi magana, yaro ya sunkuyar da kai ya ce to, a watse. Amma abin da aka yanke kafin shayi ya huce, da shi yaron nan zai tsufa.

Shin ya fi alheri mutum ya zaɓa wa kansa abin da zai yi da rayuwarsa, ko kuwa a zaɓa masa? Ba zan ja ku da nisa ba, ga matsayina: a ba shi shawara, a ja masa kunne, a yi masa addu'a, amma maganar ƙarshe ta wanda zai ɗauki kayan ce. Sai dai masu ɗaya ra'ayin ma suna da hujja, kuma ba ta raini ba ce. Bari mu fara da ita.

A ƙasar Hausa ta da, wannan tambaya ba ta cika tasowa ba, domin sana'a gado ce. Ɗan maƙeri a maƙera yake buɗe ido. Tun bai iya ɗaga masaba ba ake zaunar da shi gindin zugazugi, kafin ya yi gemu ya san launin da ƙarfe ke yi idan ya isa duka. Ɗan wanzami shi ke ɗaukar wa ubansa zabira zuwa gidan suna, yana kallon yadda ake riƙe aska da yadda ake ƙaho. Ɗan marini a bakin karofi, ɗan mahauci a mahauta, ɗan baduku a cikin ƙirgi da zare. Kowace sana'a da sarkinta: Sarkin Maƙera, Sarkin Aska, Sarkin Pawa, Sarkin Magina. Har yau sunayen unguwanni suna ba da shaida. A birnin Kano akwai Dukawa, akwai Soron Ɗinki, ga marinar Ƙofar Mata tana nan da ramukanta. A Zariya kuwa ga unguwar Babban Gwani, laƙabin maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na birnin a ƙarni na 19.

Mu yi wa wannan tsari adalci. Yaron da ya tashi a cikinsa ba ya kai shekara ashirin da biyar yana yawo da takarda a hannu yana neman wanda zai ɗauke shi aiki. Ya gaji kayan aiki, ya gaji sirrin sana'a wanda ba a koya wa bare, ya gaji masu ciniki, ya gaji suna. Idan ya gaza akwai masu tallafa masa, domin gazawarsa abin kunyar gidan ne gaba ɗaya. Wannan kwanciyar hankali ce da yawancin samarinmu na yau ba su taɓa ɗanɗana ba, kuma duk mai cewa 'yancin zaɓi ba shi da tsada, bai zauna da matashin da ya gama bautar ƙasa shekara uku yana zaman majalisa ba.

Amma gadon nan yana da ɗaya fuskar, wadda ba mu cika son ambato ba. Bai tsaya ga raba wa mutane aiki ba, har daraja ya raba musu. An sa wasu sana'o'i a sama, an sa wasu a ƙasa, aka ce wanda aka haifa a ƙasa nan zai zauna komai kaifin ƙwaƙwalwarsa. Har gobe akwai gidajen da za a hana saurayi mai ilimi da tarbiyya aure, don kawai an bincika an ji kakansa mahauci ne ko makaɗi. Wanda kuma ya tsallaka ya shiga sana'ar da ba ta gidansu ba, a kira shi ɗan haye ko shigege, a riƙa kallonsa a kaikaice.

Ku dubi mutum biyu da kowane mai sauraron wannan shiri ya san muryarsu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ɗan gado ne. A hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya koyi kiɗa da waƙa, ya tashi a cikinta, ya ɗaukaka ta, har ya bar wa 'ya'yansa bayan rasuwarsa a 1991. Alhaji Mamman Shata kuwa, wanda aka haifa a Musawa ta ƙasar Katsina, bai gaji waƙa ba. Mahaifinsa bai so ba sam, domin a ganin gidansu kiɗa roƙo ne, kuma roƙo ba nasu ba ne. Shata ya taɓa tallan goro, ya taɓa tallan alewa, amma waƙa ta ƙi barinsa. Ya bi ta, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, kuma da ya rasu a 1999 duk ƙasar Hausa ta san ta yi rashi. Ba gado ne ya yi Ɗanƙwairo ba, domin 'ya'yan makaɗa nawa ne suka gaji kotso aka manta da su? Ba kuma saɓa wa uba ne ya yi Shata ba. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya faɗa cikin aikin da baiwarsa take, kuma zuciyarsa ta amince da shi. Ɗaya ya tarar da shi a tsakar gida, ɗaya sai da ya fita nema. Da an tilasta wa Shata zama a kan faifan goro, da an samu ɗan kasuwa guda ɗaya a cikin dubbai, an rasa Shata.

To, za a ce mini, ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, kuma ban zo in rushe wannan magana ba. Babba ya san halin mutane, ya san yadda bashi ke karya mutum, ya san abokin da zai kai ka ya baro. Waɗannan ba sa tsufa. Amma akwai abin da ya kamata iyayenmu su yarda da shi: kasuwar da suka sani ta tashi, wata ce ke ci yanzu. Mahaifin da ya yi ƙuruciyarsa a shekarun 1970 ya ga zamanin da mai takardar sakandare ke zaɓen aiki, mai digiri kuwa ana ba shi rancen mota. Ya ga masaƙun Kakuri a Kaduna suna aiki dare da rana, ya ga Bompai da Sharaɗa a Kano cike da ma'aikata. Da wannan idon yake hango wa ɗansa. Amma manyan masaƙun Kakuri sun rufe tun a shekarun 2000, aikin gwamnati ya zama sai mai uwa a gindin murhu, masu fansho kuma muna ganin layin da suke bi. A ɗaya gefen, wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma yau ku je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ku ga matasan da ke riƙe da gidajensu da gyaran waya, sana'ar da babu ita lokacin da iyayensu ke samari. Harkar finafinan Hausa, da ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya a 1990, ta samar da masu ɗaukar hoto, masu tace sauti, masu rubuta labari. Wane uba ne a wancan lokaci zai zaɓa wa ɗansa aikin da bai taɓa jin sunansa ba?

Abin da ya fi damuna shi ne, mun bar tsohon gado amma mun ƙirƙiro wani sabo da ya fi shi rashin tausayi. A da uba yana ɗora ɗansa a kan sana'ar da shi kansa ya iya, yana tsaye a kansa yana koya masa. Yau uba yana ɗora ɗansa a kan sana'ar da shi uban ya so ya yi bai samu ba, ko wadda ɗan maƙwabci ya yi ake ta yabo a masallaci. Likita, injiniya, lauya. In an sauko, akawun banki. Ba a tambayi ko yaron yana iya ganin jini ba. Ba a duba ko lissafi na shiga kansa ba. Ana son a ce gidan Alhaji wane akwai dakta.

Sannan ga mai zaɓe na uku, wanda ba uba ba ne, ba ɗa ba ne: gurbin karatu. Tun da aka kafa JAMB a 1978, masu neman shiga jami'a ƙaruwa suke yi. A 2025 kusan mutum miliyan 2 ne suka zauna jarrabawar, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Guraben karatun likita kuwa ƙididdigaggu ne a kowace jami'a. Sai yaron da aka tilasta wa neman likitanci ya rasa, a jefa shi wani sashe da shi bai nema ba, ubansa ma bai nema ba. Ya yi shekara huɗu, in an haɗa da yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas ya yi biyar, yana karanta abin da babu wanda ya zaɓa. Ya fito da takardar da ba ya alfahari da ita, ya koma kasuwa ko tuƙa adaidaita sahu. Da tun farko an saurare shi lokacin da ya ce shi hannunsa a wajen gyaran inji yake, da yanzu yana da garejinsa da yaransa.

Idan abin ya lalace, akwai maganar da muke rufe bakin kowa da ita: haka Allah ya ƙaddara. Imani da ƙaddara wajibi ne ga Musulmi, babu mai ja. Amma akwai bambanci tsakanin miƙa wuya ga hukuncin Allah bayan ka yi iyakar ƙoƙarinka, da yanke wa wani hukunci da son ranka sannan ka jingina shi ga Allah. Malamanmu sun sha ba mu labarin Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke a can. Ya tara sahabbai ya nemi shawara, sannan ya yanke a juya. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wato mutumin da ya fi mu imani nesa ba kusa ba ya tsaya ya auna, ya yi shawara, ya zaɓa. Kuma me ya sa aka koya mana sallar istihara, in ba don an san ɗan Adam zai riƙa tsayawa a mararraba yana zaɓe ba?

A wajen aure wannan magana ta fi zafi, domin a nan ne aka fi danne 'ya'ya mata da sunan biyayya. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wata baiwar Allah mai suna Khansa'u 'yar Khizam ta kai ƙarar mahaifinta ya aurar da ita ga wanda ba ta so, kuma aka warware auren. Wannan yana cikin ingantattun littattafan hadisi, malamai na karantar da shi. Amma a garuruwanmu har yanzu akan ɗaura wa yarinya aure tana kuka a ɗaka, a ce kunya ce, za ta saba. Wasu sukan saba. Wasu kuma su ne ke cika kotunanmu da ƙarar neman saki, wasu su gudu su shiga duniya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun ba ta kai shekara 14 ba. Auren bai yi ƙarko ba. Da ta samu damar zaɓa wa kanta, karatu ta koma, ta zama ɗaya daga cikin fitattun marubutan Hausa, har aka fassara littafinta Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci a 2012. Ita ta samu ta miƙe. Nawa ne irinta da ba su samu ba, waɗanda ba za mu taɓa jin sunansu ba?

Yanzu bari in juyo gare ku, samari da 'yan mata, don kada ku ce yau an ba ku lasisin yin gaban kanku. Zaɓe daban, son zuciya daban. Wanda ya ga wani a TikTok da mota mai tsada ya ce shi ma ya bar makaranta, wannan bai zaɓi komai ba, ruɗi ne ya ja shi. Mun ga yadda harkar zuba kuɗi ta MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, kuma ba a ɗauki darasi ba sai da CBEX ta maimaita a 2025. Mafi yawan waɗanda suka zuba kuɗinsu babu wanda ya tilasta musu; da ƙafarsu suka je, wasu ma a ɓoye don kada a hana su. Zaɓe na gaskiya shi ne ka san abin da za ka shiga, ka san abin da za ka rasa, ka yarda za ka biya.

Malam Aminu Kano misali ne. Ɗan gidan malamai da alƙalai ne, ya yi karatu har Ingila, yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru. Hanya a share take gabansa. Da ya yi shiru da ya hau manyan kujerun En'e ko na gwamnati. A 1950 ya ajiye aikin ya rungumi siyasar jam'iyyar NEPU, yana sane da cewa sarakuna da Turawan mulki ba za su bar shi ya sha ruwa ba. An ɗaure magoya bayansa, an kayar da shi zaɓe, ya rasu a 1983 bai tara abin duniya ba. Amma da idonsa biyu ya shiga. Wannan ita ce babbar fa'idar zaɓen kai: wanda ya zaɓa da kansa, idan wuya ta zo yakan daure, domin nasa ne. Wanda aka zaɓa wa kuwa, tuntuɓe ɗaya zai yi ya waiwayo ya ce ai ku kuka sa ni. Iyaye da yawa suna nan suna shan wannan gori a cikin gidajensu, daga bakin 'ya'yan da suka yi wa zaɓen da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma waɗanda duk wannan muhawara ba ta kai gare su ba, kuma zalunci ne mu rufe shirin nan ba mu ambace su ba. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa sama da yara miliyan 10 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Yaron da aka sauke a tasha yana ɗan shekara bakwai da allo da roba, wa ya tambaye shi abin da yake so ya zama? A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, da dama daga yankin Kance na jihar Damagaram. Wani zai ce ai su suka zaɓi tafiya. A'a. Wanda yunwa ta kora daga gida bai zaɓi hanya ba, wadda ta rage ya bi. Saboda haka duk mai son yaro ya zaɓi makomarsa, sai ya fara ba shi abin zaɓen: karatu, na addini da na zamani, da sana'a a hannu. Wannan nauyi ne a kan gwamnati, amma kafin gwamnati a kan wanda ya haifa yake.

Iyayena maza da mata, ba cewa nake ku zuba ido ba. Shawara ɗaukar ɗaki ce, kuma ɗa mai hankali ba ya raina ta mahaifinsa. Idan abin da yaro ya ɗauko haram ne ko halaka ce, ku hana, ku tsaya a kan hanin. Amma idan halal ne, bambancin kawai shi ne ba shi kuka so ba, to ku tambaye shi dalilinsa, ku bar shi ya kai aya. Ku faɗa masa abin da kuke tsoro ƙarara. Kada ku riƙa ɗaga masa barazanar baki a kan abin da bai kai ya kawo ba. Albarkar iyaye ta fi ƙarfin a mayar da ita bulala a kan zaɓen kwas. Kai kuma ɗana, ke kuma 'yata, idan za ku je gaban mahaifinku, ku je da ladabi da hujja: ga abin da nake so, ga inda ake koyonsa, ga wanda ya yi shi ya ci abinci da shi, ga abin da zan yi idan bai yiwu ba. Uba da wuya ya ƙi sauraron ɗan da ya zo masa a haka.

Ga kuma abu ɗaya da kowane gida zai iya yi ba tare da kashe ko sisi ba. Idan dogon hutu ya zo, mai ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na sakandare ya nemi wani amintacce da ke yin aikin da yaron ke buri, ko a asibiti ne, ko a gareji, ko a shagon ɗinki, ko a gona, ya roƙe shi ya bar yaron ya zauna kusa da shi na 'yan makonni, ya ga wahalar aikin da daɗinsa da idonsa. Idan ya dawo ya ce ya fasa, an huta tun ba a yi asara ba. Idan ya dawo ya ce har yanzu shi yake so, Alhaji, Hajiya, ku sa masa albarka ku bar shi ya yi.